655957: lambar da ke ɗaure da sefa, ga abin da ke cikinta

Duk gidan da ke da ɗan ci-rani a Turai, daga Tawa zuwa Keita da Abalak, ya taɓa cin karo da wannan lamba, ko bai san ta ba. A takardar banki akan rubuta 655,957, amma waƙafin na Faransanci ne: yuro ɗaya tamma 655 ne da ɗan ɓurɓushi. Idan aka canza yuro dubu ɓurɓushin sai ya cika, a samu tamma 655957 cif.

Ba a Yamai aka yanke ta ba, ba kuma a Dakar inda bankin BCEAO yake ba. Bayan karya darajar sefa a Janairun 1994, faran ɗaya na Faransa ya koma tamma 100. Da yuro ya shigo ranar 1 ga Janairun 1999, aka tsaida shi kan faran 6,55957. A ninka sau ɗari, ga lambarmu.

A wasan cika ko mara, mara ce, don ta ƙare da 7. Ba ta kuma rabuwa da biyar, kuma nan ne ta saɓa da lissafin kasuwarmu, wanda da dala ake yinsa. Da bakin 'yan kasuwa jika 655 ce da dala 191, sai tamma biyu da suka yi saura, waɗanda ba mai ƙirga maka su a hannu. Wani abin sha'awa: a raba ta gida 2, 3, 4, 6, 7, 9 ko 12, kullum tamma ɗaya tak ke ragewa.

Ganin haka, mutum zai ɗauka tana cikin lambobin nan masu gagarar rabo, irin 7 da 13, da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Mai gwadawa da alƙalami zai wuce 100, ya wuce 500, ya wuce 700, bai samu mai raba ta ba. Sai a 769 take sakin jiki: 769 sau 853 shi ne 655957, kuma su biyun masu gagarar rabo ne. Wato banda mutum ɗaya ya riƙe duka, ko kowa ya ɗauki tamma guda, sai mutum 769 ko 853 ne za su raba kuɗin nan daidai wa daida. Irin waɗannan lambobi, 'ya'yan masu gagara biyu, da su ake kulle sirrin bankuna a intanet ta tsarin RSA, sai dai na can tsawonsu ya kai ɗaruruwan alƙaluma.

Tunda lambar ba ta da daɗin baki, masu canji kan yanke mata wutsiya. Wanda ya ce 655 ya rage tamma 957 a yuro dubu. Wanda ya ce 650 ya rage 5957, kusan jika shida. Ladan canji halal ne, amma a ganina gara a faɗe shi a fili da a ɓoye shi cikin “mu cike lissafi”.

Masu 'yan uwa a Kamaru da Gabon su ma su lura: sefar can kan wannan lamba take ɗaure da yuro, don haka a takarda darajarta ɗaya da tamu. Abin da aka zaftare wajen canza ta, kuɗin canji ne.