Butar Moka: Yadda Ake Dafa Gahawa Irin ta Italiya

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa a Karshi, garin Gwandara da ke kan hanyar da ta taso daga Nyanya ta bi ta Karu da Jikwoyi da Orozo, sai na ci karo da wata 'yar buta a wurin masu gwanjo. Ta alminiyam ce, mai kusurwa takwas, ƙugunta a tsuke. Mai kayan ya ce ta dafa gahawa ce, watau kofi. Na kuwa saye ta, domin nakan raba dare wajen shirya darasi. Ran da na fara gwada ta na cusa gari na danne, na ba ta wuta sosai. Ba a jima ba sai ta shiga huci ta gefe, har abokin ɗakina ya yi waje da gudu. Abin da ya fito kuwa ya fi maɗaci ɗaci. Ashe laifina ne, da ban san yadda take aiki ba.

Sunanta moka. An samo sunan daga Moka, wata tashar jirgin ruwa a ƙasar Yaman wadda a zamanin da ta shahara da cinikin gahawa. Wani maƙeri mutumin Italiya, Alfonso Bialetti, shi ya fito da ita a 1933. Ɗansa Renato ne ya yaɗa ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har ta shiga kusan kowane gida a ƙasarsu.

To, ga yadda aka gina ta. Kashi uku ce. Akwai gindi, inda ake zuba ruwa. Akwai mazurari mai rariya da ke zama a bakin gindin, nan ake sa gari, bututunsa kuwa ya nutse cikin ruwa. Sa'an nan akwai kai, wanda ake murɗawa a bisa, da zoben roba tsakaninsu don kada iska ta fita. A gefen gindin akwai wani ɗan bawul.

In an ɗora ta a wuta, iskar da aka rufe a saman ruwan takan yi zafi ta nemi faɗi, tururi kuma ya ƙaru a kanta. Da yake ba su da mafita, sai su danna ruwan ƙasa. Ruwan ba shi da hanya sai bututun nan, saboda haka sai ya hau, ya ratsa garin, ya kwaso ƙamshi da ƙarfinsa, ya ɓullo a kai. Abin mamaki shi ne, ruwan yakan fara hawa tun bai tafasa ba. Injin espresso na kanti yana tura ruwa da matsin da ya kai ninki 9 na iskar da ke kewaye da mu, ita kuwa moka ba ta cika wuce ninki 2 ba. Duk da haka gahawarta ta fi ta gwangwani kauri nesa ba kusa ba.

Wanda ya gane wannan, sauran ƙa'idodin ba za su yi masa wuya ba.

Na fari, ruwa ya tsaya ƙasa da bawul. Bawul ɗin nan shi ne mafitar tururi in hanya ta toshe. In ruwa ya rufe shi, ko farin dattin ruwan rijiya ya liƙe shi, butar tana iya fashewa ta ƙona mutum. A riƙa duba shi kullum.

Na biyu, a sami gahawa ta ainihi, soyayya, niƙaƙƙiya. Ta gwangwani irin Nescafé da masu shayi ke damawa ba ta yi, gama an riga an dafa ta an busar, narkewa kawai za ta yi. Ba lalle sai ta ƙasar waje ba, ana noman gahawa a tsaunin Mambila cikin Jihar Taraba. Niƙan ya zama kamar gishiri mai laushi. In ya kai garin tuwo laushi sai ya toshe rariya.

Na uku, a cika mazurari, a baje da yatsa, kada a danna. Kuskurena ke nan. Danne garin da na yi shi ya tare wa ruwa hanya, har tururi ya bi ta bawul.

Na huɗu, a murɗa kai ya kama sosai, a ɗora bisa wuta 'yar kaɗan, ko ta gas ce, ko risho, ko gawayin da ya riga ya ruru. Kada harshen wuta ya wuce gindi, don yakan narkar da mariƙi. Cikin minti biyar ko fiye kaɗan za a ga gahawa tana kwararowa a hankali. Da an ji ta fara gurnani tana tofar da kumfa, a sauke nan take, gama ruwa ya ƙare, tururin da ya rage kuwa shi ke jawo ɗaci. Kada a kwance ta sai ta huce.

A sha a finjali, don kaɗan take fitarwa amma da ƙarfi. Mai so ya ƙara madara ko ruwan zafi. Sai dai ina jan kunnen 'yan'uwana ɗalibai, musamman lokacin jarrabawa. Gahawa takan kore barci, amma bashi ne, gobe za a biya shi a gaban allo. Kada a sha da daddare a kai a kai, masu juna biyu kuma su rage ƙwarai.

A mako na ƙarshe na kai butar aji, muna darasin iska da zafi. Na kwance ta a gaban yara, na zana ta a allo, sa'an nan muka fita waje, suka tsaya nesa kaɗan, na ɗora ta a wuta na buɗe murfi. Na tambaye su me ya sa ruwa ya hau sama, alhali mun san gangare yake bi. Suka yi ta gardama, har wata yarinya ta ce wani abu ne ke tura shi daga ciki. Lalle gani ya kori ji. Duk wanda za shi gwajin koyarwa, in ya sami irin wannan buta, ya tafi da ita.