Jiri: Abin Da Ido Ke Gaya Wa Likita

'Yan'uwa manoma, a ƙauyukan ƙasar Daura mukan ji mutum ya ce, "Na juya bisa gado, sai ɗaki ya kama juyawa." Waɗansu sukan ce iska ce. Bari mu duba.

Can cikin kowane kunne akwai 'yan bututu 3 masu ruwa. Su ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda kai ya juya, suna kuwa aiki tare da ido. In sun sami damuwa, ƙwayar ido takan yi rawa. Don haka ake koya wa likitoci duban idon mai jiri.

A 1952 likitoci biyu a Landan, Dix da Hallpike, suka bayyana wani gwaji: a juya kan marar lafiya, a kwantar da shi da sauri, a lura da idonsa. In 'yan tsakuwar kunne ne suka kauce, likita yakan komar da su ta wurin jujjuya kai kawai, ba allura.

Namu aikin shi ne mu gaya wa likita lokacin da jirin ke zuwa, da daɗewarsa. Mai jiri kada ya hau rumbu, kada ya ja ruwa a rijiya. Kada a yi allurar gentamicin barkatai, gama takan lalata kunne.

Amma in baki ya karkace, ko harshe ya yi nauyi, ko ana gani biyu-biyu, wataƙila shanyewar ɓarin jiki ce. A garzaya Babban Asibitin Daura, kada a jira gari ya waye.