Bayani A Kan Gyaran Maɓallin Hon Na Tsohuwar Mota Idan Kayansa Sun Ɓata

Yau bayaninmu a kan hon ne, wanda tsofaffin direbobi ke ce wa oda. Abu ne ƙarami, amma duk wanda ya taɓa shiga Dawanau ranar da kaya suka sauka, ga masu baro, ga 'yan dako, ga yara masu talla, ya san mota marar hon hatsari ce. Kuma ma'aikatan duba lafiyar mota ba sa ƙyale ta a hanya.

Motocin da muke nufi su ne na dā, irin su Volkswagen Beetle da Peugeot 404 da 504 da tsohuwar Land Rover. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, a shekarar kuma aka fara haɗa Volkswagen a Legas. Beetle irin ta dā ta ƙarshe a duniya ta fito daga masana'antar Puebla ta ƙasar Meziko a 2003. To, kayan irin waɗannan motoci sun yi wuya, musamman ƙananan da ke cikin sitiyari. Sai ka buɗe ka tarar wani ya riga ka, ya zubar da rabi.

Ku sani, maɓallin hon makunni ne kawai. A Beetle da yawancin motocin wancan zamani, waya biyu ce a jikin hon. Ɗaya ta taso daga fis, tana ɗauke da wuta. Ta biyu ta tafi sitiyari tana jira. Idan ka danna, sai ta taɓa ƙarfen jikin mota, wanda masu waya ke ce wa at, wuta ta samu hanyar komawa batir, hon ya yi kuka. Ka saki, sifirin ya raba su, ya yi shiru. Wanda ya gane wannan ya san abu uku ake bukata: ƙarfen da zai taɓa, sifirin da zai ɗaga, da abin da zai hana wuta wucewa kafin a danna. Dukkansu ana iya yin su da hannu.

Kafin a kwance komai, a gwada. A murɗa makulli, a ɗauki guntuwar waya, a haɗa ƙafar hon ta biyu da ƙarfen mota mai tsabta. In ya yi kuka, hon lafiya, fis lafiya, ciwon yana sitiyari. In bai yi ba, a duba fis tukuna. A Beetle farin fis amfiya 8 ne, ja kuma 16. A mayar da irin wanda aka cire. Masu naɗa takardar sigari ko zaren waya a gurbin fis, su ne ke ƙone mota saboda abin da bai kai kuɗin goro ba.

Akwai wani wuri da ake mantawa a Beetle. A ƙasan sandar sitiyari akwai faifan roba da ya haɗa ta da akwatin sitiyari. Roba ba ta wuce wuta, shi ya sa aka sa guntuwar waya ta tsallake ta. Sau da yawa ita ce ta tsinke, maɓalli ba shi da laifi. A motar Jamus waya mai launin ƙasa-ƙasa ita ce ta at, sai a bi ta. Ita kuwa 504, hon ɗinta a jikin sandar da ke gefen sitiyari yake, saboda haka can za a duba, kada a ɓata lokaci ana tonon tsakiya.

In gwaji ya nuna maɓalli ne, a fara cire kan batir, wanda ke haɗe da jikin mota. A shimfiɗa farin ƙyalle, duk abin da ya fito a jera shi bi da bi. A ɗauki hoto da wayar hannu kafin a taɓa. In sai an cire sitiyari, a miƙe tayoyi, a yi alama da alli, kuma a bar noti a kan zare kaɗan lokacin ja, don kada ya fizgo ya fasa wa mutum baki.

Na farko, sifirin. Beetle mai zoben hon tana da sukuru uku, kowane da sifirinsa. In ɗaya ya ɓata, a canza duka uku da masu tsawo ɗaya da tauri ɗaya. In ɗaya ya fi sauran laushi, zobe zai karkace, mota ta riƙa kuka da kanta a kan gargada.

Na biyu, washa mai hana wuta. Ita ce ta fi ɓata, don bakanike ya ga baƙar aba ƙarama ya ɗauka datti ce. In babu ita, sukuru zai haɗa ƙarfe da ƙarfe, hon ya ƙi yin shiru. A yanko madadinta daga robar jarka mai kauri, a huda ta daidai. Sukurun ma a sa masa riga ta bawon waya inda ya ratsa ƙarfe. Kwali ba ya yi, damina ɗaya zai sha ruwa.

Na uku, farantin da ke taɓawa. In tsatsa ce, samfefa mai laushi ta wadatar. In babu shi, a nemi tagulla ko jan ƙarfe. Tankin tsohon lagireto yana bayarwa. A zana siffar a takarda, maƙeri ya yanka, a liƙa waya da dalma. A guji gwangwani da alminiyam: ɗaya yana tsatsa, ɗaya ba ya kama dalma.

Wasu motoci suna da zoben tagulla a bayan sitiyari, da ɗan burushi da ke gogarsa yayin juyawa. In burushin ya cinye, a goge na tsohon dainamo da zarto har ya shiga ramin, a sa masa sifirin a baya.

Murfin sama kuwa ado ne da kariyar ƙura. Masassaƙi zai fitar da shi da itace mai tauri. Yanzu ma akwai na'urar da ke ƙera abu da roba daga zanen kwamfuta, in an samu na wani a auna.

In duk wannan ya gagara, a sa maɓalli daban, irin wanda ke komawa da kansa in an saki. A ɗaura shi inda hannu zai kai ba tare da ido ya bar hanya ba. A nemi ramin da ke nan tun asali. Huda allon gaban tsohuwar mota yana karya mata daraja ranar sayarwa, don masu neman irinta asali suke biya. In an ƙara hon biyu masu ƙarfi, a sa rile: ƙafa 30 zuwa batir ta cikin fis, 87 zuwa hon, 86 zuwa wutar makulli, 85 zuwa maɓalli. Ta haka wuta kaɗan ce ke bi ta maɓallin, ba zai ƙone ba.

Game da saye, a leƙa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, ko Ladipo a Legas. A tafi da tsohon a hannu, da shekarar mota. A kula, tsofaffin Beetle na kafin 1967 batirinsu bolt 6 ne, hon mai 12 ba zai yi musu kukan kirki ba. Shawararmu, in an samu sitiyarin matacciyar mota, a yi cinikinsa dungurungum da kayan cikinsa, ya fi tsintar ɗaya-ɗaya sauƙi. A buɗe a ƙirga a gaban mai kaya kafin a biya, don araha ba ta ado.

Bayan an mayar, a ɗaure notin sitiyari tamau, rai ne a kansa. A haɗa batir, a juya sitiyari dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe. Ya yi shiru sai an danna, kuma ya amsa ta kowane gefe, to aiki ya yi.

Jan kunne na ƙarshe: wannan bayani na motocin dā ne. Motar zamani mai jakar iska a cikin sitiyari, kada kowa ya buɗe ta da sukundireba a gida, a kai wa wanda ya koya.