Ƙarshen Shekara: Yadda Ya Kamata A Auna Aikin Masu Sayen Kayan Gwamnati

Idan watan Disamba ya kama, shekarar kasafin kuɗi ta zo ƙarshe, kowane shugaban ma'aikata yakan zauna ya ba ma'aikatansa maki bisa 20. Wannan maki shi ne tsanin ci gaban ma'aikaci. Amma akwai waɗanda auna su ke bukatar natsuwa ta musamman, wato masu sayen kaya da ba da kwangila da sunan gwamnati. Ta hannunsu kuɗin lanho ke zama alli da kaye a makaranta, ko magani a asibiti, ko rijiya a ƙauye.

Al'adar da ta daɗe a birorinmu ita ce a duba ladabin mutum da zuwansa aiki kan lokaci, a rubuta masa 17 ko 18, kowa ya tashi lafiya. Ladabi abu ne mai kyau, amma ba ya nuna ko an kare dukiyar ƙasa. Idan mai ƙwazo da malalaci suka samu maki ɗaya, an karya gwiwar na farko, an kuma ɗaure wa na biyu gindi.

Shaidar wannan aiki tana cikin takardu. Shugaba mai adalci yakan sa a kawo masa dosiyen kowace kwangila ta shekara, ya nemi amsar tambayoyi huɗu.

Ta farko, an yi shela kowa ya shigo takara? Tun 2005 ƙa'idojin ƙungiyar UEMOA suka tsaida cewa takara a buɗe ita ce asali, yin ciniki da ɗan kasuwa guda kuwa sai da dalili. Wanda ya yanyanka babbar kwangila ƙanana-ƙanana don ya kauce wa takara ya saɓa doka, ko da takardunsa sun yi tsaf.

Ta biyu, farashin faktir ya yi daidai da na kasuwa? A nan ma sai an yi hattara, domin araha ba ta ado. Teburin makaranta da ya karye cikin wata uku ya fi mai tsada cin kuɗi.

Ta uku, kaya sun iso kan kari? Irin shuka da ya sauka bayan damana ta yi nisa, ko littattafan da suka zo watanni bayan komawa makaranta a Oktoba, hasara ne ko nawa aka saye su.

Ta huɗu, abin da aka biya ya shiga mangaza kuwa? Wannan tambaya ba wasa ba ce. A shekarar 2020, binciken da aka yi a ma'aikatar tsaron ƙasa ya ƙiyasta hasarar miliyar 76 na sefa, ta hanyar ƙarin farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba.

Sai dai adalci yana da fuska biyu. Ba daidai ba ne a ɗora wa ma'aikaci laifin jinkirin da ya taso daga baitulmali, ko daga teburin shugaban da ya riƙe takarda bai sa hannu ba. Haka kuma wanda ya ƙi wuce da takardar da ba ta kan ƙa'ida, ya sha matsi daga sama bai sauya ba, yabo ya cancanta, ba a kira shi mai taurin kai ba.

Bayan an gama bincike, sai a zauna da mutum ido da ido, a nuna masa hujjar kowane maki, a saurari bayaninsa, a shirya masa horo inda ya gaza, a kuma tsaida abin da ake jira daga gare shi baɗi. Shugaban da ya sa hannu kan maki bai buɗe dosiye ba, ya sani shi ma ya zama shaida a kan kuɗin talakawa.