Dokin Arewa Na Bukatar Littafin Asali

Duk ranar hawan Salla, hakiman Yankwashi da Roni da Gwiwa kan shiga Kazaure da mahaya a bayansu, amma da wuya mahayi ya iya faɗin kakan dokin da yake kai. Bahaushe da launi yake sanin doki: akawal, hurde, kili, danda. Ingila kuwa tun 1791 take rubuta uwa da uban dawakinta na sukuwa.

Ga shi ana ta barbarar gajeren dokin Arewa, mai jure wahala, da dogayen dawakin Sudan, jininsa yana gaurayuwa. Tun da UNESCO ta karrama hawan Kano a 2024, ya kamata ma'aikatan dabbobi na Jigawa su buɗe rajista a kasuwar Maigatari, inda ake cinikin dawaki kowace Alhamis.