Gidan Bariki Aro Ne: Abin Da Iyalin Soja Ya Kamata Su Sani

Wasu 'ya'yan ikkilisiyoyinmu na aikin soja. Sukan zo aiki bakin iyakar Benin, wajen Tsamiya, Lolo da Illo a ƙaramar hukumar Bagudo. Ina iyalinsu za su zauna?

Sojan da aka tura bakin iyaka yakan kwana a sansani, ba ya tafiya da mata da yara. Iyali sukan zauna a bariki, kamar Barikin Dukku na Birnin Kebbi. Ɗakunan bariki ba sa isa kowa, saboda haka wasu sukan kama haya a gari, inda mai gida yakan nemi kuɗin shekara gaba ɗaya.

Ɗakin bariki na gwamnati ne. Idan soja ya yi ritaya ko ya rasu, bayan wani lokaci dole iyali su tashi. Nan ne gwauraye da marayu suke shiga wahala.

Saboda haka:

1. Maigida ya tabbata sunan magajinsa a takardun aiki daidai ne, musamman bayan aure.
2. Ya tambaya ko ana cire masa kuɗin Asusun Gidaje na Ƙasa. An kafa asusun a 1992. Yana karɓar kashi 2.5 cikin 100 na albashi, kuma ta wurinsa ake neman rancen gina gida.
3. Ya sayi fili a gida tun yana aiki, da shaidu da takarda.

Dattawa da zumuntar mata, ku riƙa ziyartar waɗannan iyalai. Ubangiji ya kiyaye su.