Kashin Tsuntsayen Teku: Takin da Ke Raya Ƙasa a Yankunan Ƙanƙara

Yankunan ƙanƙara biyu ne a doron ƙasa, ɗaya a ƙuryar arewa, wanda ake kira Aktik, ɗaya kuma a ƙuryar kudu, wanda ake kira Antaktika, kuma a can cikinsu rana takan yi watanni ba ta fito ba, sannan idan lokacin ɗumi ya kama ta yi watanni ba ta faɗi ba. Ƙasar waɗannan wurare, a idon manomi, matacciya ce, domin tsakuwa ce da fako a sama, daskararren ruwa a ƙarƙashi, ga shi kuma sanyi yana hana ganye da mushe ruɓewa da wuri, saboda haka abincin shuka ba ya taruwa. A Antaktika, wurin da ƙanƙara ba ta rufe ba bai kai kashi 1 cikin 100 na faɗin nahiyar ba, kuma tsire-tsire masu fure na asalin wurin iri 2 ne kacal. Duk da haka, tun da daɗewa masu zuwa can suka lura cewa duk inda tsuntsayen teku suke taruwa su yi ƙwai, wuraren da ke kewaye sukan yi kore shar da ciyawa ko gansakuka, alhali can gaba kaɗan babu komai sai dutse. Dalilin wannan bambanci shi ne kashin tsuntsayen, kuma binciken da aka gina a kansa yana da abin faɗa wa mutanen Funtuwa da Malumfashi, waɗanda rabin lissafin daminarsu a kan taki yake ƙarewa.

Tsuntsun teku shi ne wanda cinsa duk daga ruwan gishiri yake, ba ya hawowa tudu sai don ya yi ƙwai ya yi renon 'ya'ya. Tekunan sanyi kuwa, saɓanin ƙasar da ke gefensu, cike suke da abinci, musamman ƙananan kifaye da wasu halittu dangin jatan lande da ake kira kiril. Tsuntsu yakan ci a teku, ya dawo tudu ya yi kashi, kuma ta haka ne yake kwaso sinadarai biyu da shuka ba ta rayuwa sai da su, wato naitirojin, mai sa ganye ya yi duhu ya yi faɗi, da fosforos, mai ƙarfafa saiwa da ƙwaya. Su ne harufan N da P da ke jikin buhun kamfa. A shekarar 2018 wani masani ɗan Sifen, Xosé Luis Otero, tare da abokan aikinsa, sun ƙiyasta cewa tsuntsayen teku na duniya suna zubar da naitirojin tan 591,000 da fosforos tan 99,000 a wuraren ƙwansu kowace shekara, kuma mafi yawansa a Antaktika da tsibiran tekun kudu yake sauka. Tun da buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23, wannan adadi ya haura abin da ke cikin buhun yuriya miliyan 25, kuma babu wanda ya biya kuɗin mota.

Inda aka fi ganin wannan aiki a fili shi ne yankin Tule, a arewa maso yammacin Girinlan. A gaɓar wurin akwai wani yanki na teku da iska da igiyar ruwa ke hana shi daskarewa, saboda haka abinci yakan yi yawa a cikinsa tun farkon lokacin ɗumi, kuma don shi ne wani ɗan tsuntsu baƙi da fari, wanda bai kai tantabara girma ba, ake kiransa ƙaramin ok, yake zuwa a cikin watan Mayu. An ƙiyasta yawansa a wurin da miji da mata miliyan 33. Macen takan yi ƙwai ɗaya tal a cikin kogon tsakanin duwatsun da suka gangaro daga tsauni, iyayen kuma su riƙa jigilar abinci a cikin wata 'yar jaka da ke ƙarƙashin harshensu, suna kai da kawowa dare da rana har watan Agusta. Duk hanyar da suke bi tsakanin teku da tsauni takan sha kashi, kuma a nan ne ciyawa take yin kauri, ƙasa mai laushi ta taru har ta yi zurfin da ba a samun irinsa a sauran yankin. Ciyawar ta jawo zomo da agwagwar daji da wata saniyar daji mai dogon gashi, tsuntsayen su kansu suka jawo yanyawa, mutanen wurin kuma, Inuguwit, suna kama tsuntsun da raga mai doguwar ƙota, su cusa ɗaruruwa a cikin fatar wata dabbar teku da ake kira sil, su binne a ƙarƙashin duwatsu na wasu watanni, ya zama abincin lokacin duhu. Laka da aka haƙo a wurin ta nuna cewa tsuntsun ya fara zama can kimanin shekara 4,400 da suka wuce, kusan lokacin da mutane na farko suka isa yankin.

Mai tambaya yana iya cewa ta yaya aka tabbatar koren daga kashin tsuntsu yake, ba daga ruwa ko yanayin dutse ba. Amsar tana cikin wata dabara mai sauƙin fahimta. Naitirojin iri biyu ne, mai sauƙi da mai ɗan nauyi, kuma duk lokacin da wata halitta ta ci wata, mai nauyin yakan ƙaru a jikin wadda ta ci, don haka kashin tsuntsun da ya ci kifi yana ɗauke da shi fiye da ƙasar da ba ta taɓa ganin tsuntsu ba. Idan aka tsinko ganye ko aka kamo ƙwaro aka auna, za a iya faɗin ko abincinsa daga teku ya samo asali. Da wannan awo ne Stef Bokhorst, na wata jami'a a Amstadam, ya nuna a 2019 cewa tasirin mazaunin tsuntsun fengwin, wanda ba ya tashi sama sai iyo, yana kaiwa nisan fiye da mita 1,000 daga inda tsuntsayen suke tsaye, domin iska tana ɗaukar tururin kashin ta sauke shi can gaba, inda ƙananan ƙwari ke yin yawa a cikin gansakuka. Tsakiyar mazaunin kuwa fili ne fetal, ba ya fid da ko tsinke, saboda takin ya yi yawa har ya koma guba. Wanda ya taɓa tsayawa a gindin bishiyar da balbelu suke kwana ya san wannan, ƙasa fara fat, wari mai yaji a hanci, rassan sama kuma sun fara bushewa. Haka nan mai lambu a Danja ba ya bukatar a gaya masa cewa ɗanyen kashin kaji yana ƙone tumatir.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga inda aka yanke takin. A tsibiran Alushan, da ke yammacin Alaska, masu fataucin fata sun riƙa sakin yanyawar Aktik a wasu tsibirai domin ta hayayyafa su zo su kama, wasu tsibiran kuma ba a kai ta ba. Yanyawa ta cinye ƙwai da tsaki, tsuntsaye suka ƙaurace. Da Donald Croll da abokan aikinsa suka gwada rukunin tsibiran biyu, a binciken da mujallar Science ta buga a 2005, sai suka tarar yawan tsuntsaye a inda babu yanyawa ya kusan ninka na inda take sau 100, kuma tsibiran da ta mamaye sun tashi daga masu doguwar ciyawa sun koma masu gajerun ƙirare marasa albarka. Ruwan sama bai canja ba, dutse bai canja ba, taki kaɗai aka ɗauke.

Kashin ya kuma zama hanyar ƙidaya. A 2009 Peter Fretwell da Phil Trathan, na hukumar binciken Antaktika ta Birtaniya, sun bi hotunan tauraron ɗan'adam suna neman tabo mai ruwan ƙasa-ƙasa a kan farar ƙanƙara, suka gano mazauni 38 na fengwin mafi girma, 10 daga ciki ba a san da su ba. A 2018 kuma aka bayyana gano fengwin Adeli kusan miliyan ɗaya da rabi a wasu ƙananan tsibirai da jiragen ruwa ke shakkar kusanta, nan ma jan tabon kashi ne ya tona asirinsu. Irin waɗannan hotuna ne suka nuna cewa a ƙarshen 2022 ƙanƙarar tekun Belinshosen ta farfashe kafin 'ya'yan fengwin mafi girma su fid da gashin da ruwa ba ya ratsawa, har mazauni 4 cikin 5 suka rasa 'ya'yansu kaf.

Tsuntsu dai ba ya tantance abin da yake ɗauka. A tsibirin Debon na arewacin Kanada, Jules Blais ya auna lakar kududdufai da ke ƙarƙashin wani tsauni mai tsuntsaye, ya tarar maganin ƙwari na DDT ya ninka na kududdufan nesa har sau 60, sinadarin makuri kuma sau 25, alhali babu gona ko masana'anta a kusa. Abin da aka fesa a ƙasashe masu nisa ne ya bi ruwa da iska ya shiga teku, ya taru a kifi, tsuntsu ya kai shi tudu. Cuta ma haka take tafiya. Murar tsuntsaye ta H5N1 ta isa tsibirin Jojiya ta Kudu a watan Oktoba na 2023, ta taɓa Antaktika kanta a Fabrairun 2024, kuma dangin wannan ƙwayar cuta ce aka fara tabbatarwa a Afirka a Fabrairun 2006, a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna. Tsuntsayen teku ba sa zuwa madatsar Mairuwa da ke kusa da Funtuwa, amma wasu tsuntsayen bakin ruwa da ke yin ƙwai a arewacin Turai da Saiberiya suna cin rani a fadamun Haɗeja da Nguru da tafkin Cadi, saboda haka nisan da ake gani a taswira bai kai yadda ake zato ba.

Ɗauko taki daga wani wuri zuwa gona tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Manomi yakan roƙi Bafulatani ya sauke shanunsa a gonarsa bayan girbi, shanun su yi kiwo a daji su dawo su kwana a gona, wanda shi ne ainihin abin da tsuntsun teku yake yi tsakanin ruwa da tudu. Jakuna sun daɗe suna kai shara da toka da kashin awaki daga cikin gari zuwa gonakin karkara a mangala. Turawa ma sun taɓa dogara da kashin tsuntsu: daga 1840 zuwa wajen 1880 ƙasar Peru ta sayar da fiye da tan miliyan 10 na abin da ya taru a tsibiranta, har Amurka ta kafa doka a 1856 da ta ba 'yan ƙasarta damar mallake duk tsibirin da ba na kowa ba in suka tarar da shi a kai. Daga baya takin zamani ne ya maye gurbin kashin tsuntsu, kuma shi ne ya sauya kudancin Katsina, musamman daga 1975 da aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, lokacin da ingantaccen irin masara da takin gwamnati mai rahusa suka sa masara ta ture dawa da gero a gonaki da yawa. Masara kuwa ba ta yafe yunwar naitirojin. Da farashin buhu ya yi tashin gwauron zabi, manoman Bakori da Kafur da Ɗandume suka koma neman kashin kaji da na dabbobi, har ya zama hajar da ake saye da buhu ana lodawa a mota.

A nan ne binciken yankunan ƙanƙara ya fi amfani ga mai gona, domin ya auna abin da zafi ke yi wa taki. Naitirojin da ke cikin kashin tsuntsu, na teku ne ko na kaji, yakan rikiɗe ya zama wata iska mai yaji da ake kira amoniya, ita ce ke sa ido hawaye a ɗakin kaji, kuma duk wadda ta tashi ta tafi da ƙarfin takin. Stuart Riddick da abokan aikinsa sun kafa na'urorin awo a mazaunan tsuntsaye a wurare daban-daban, suka tarar cewa a tsibiran sanyi na kusa da Antaktika abin da ke tashi bai kai kashi 5 cikin 100 na naitirojin ba, amma a tsibiran zafi, irin su Asenshon da ke tsakiyar tekun Atlantika, ya kai kusan kashi ɗaya bisa uku, a wani wurin ma ya doshi biyu bisa uku. Zafi da ɗan danshi da iska su ne ke hanzarta asarar. A Aktik wannan tururi yana da wani amfani, domin wani bincike na 2016 ya nuna yana taimakawa wajen haɗa ƙwayoyin da gajimare ke ginuwa a kansu, amma a gona asara ce zalla.

Watannin Maris da Afrilu, lokacin da ake kai taki gona a jibge shi tsibi-tsibi a rana ana jiran ruwan shuka, su ne mafi zafi a Funtuwa da Malumfashi, kuma yayyafin farko da ke jiƙa tsibin ba tare da ya ratsa ƙasa ba shi ne ke buɗe wa amoniya ƙofa. Kashin kaji ya fi kowane takin gargajiya wannan rauni, saboda ya fi su naitirojin. Wanda ya saya ya kamata ya ajiye shi a inuwa a bushe, ya rufe da leda ko ya lulluɓe da ƙasa, idan ya watsa kuma kada ya bar shi kwanaki a fili, ya bi shi da garma ko fartanya ya juya shi cikin ƙasa. Yuriya ma hukuncinta ɗaya: a soka rami a gefen masara a binne, ba a barbaɗa a sama ba. Kashin da ya fito daga gonar da kaji suke mutuwa ba gaira ba dalili kuwa, kada a saye shi komai arharsa, a sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma.